Kozi: labarin bincike na ƙaramin gari

Kozi wani reshe ne na ƙagaggun labaran bincike da ya fi bunƙasa a Ingila da Amurka, inda ake aikata laifi, yawanci kisan kai, a ɗan ƙauye ko ƙaramin gari da kowa ya san kowa, kuma mai gano laifin ba ɗan sanda ba ne, galibi mace ce mai shagon kek ko ma'aikaciyar laburare ko wata tsohuwa da ba wanda ke ɗaukar ta a bakin komai. Sunan daga kalmar Turanci ce mai nufin ɗumi da natsuwa, ya yaɗu ne wajajen ƙarshen ƙarni na 20, amma labaran sun girme shi nesa ba kusa ba. Ba jini, ba batsa, ba ashar. Gawar ma tsintar ta kawai ake yi, sauran labarin tambaye-tambaye ne da gulma da raha da ɗan soyayya.

Tarihi

Tushen abin yana shekarun 1920 da 1930, lokacin da labarin bincike ke ganiyarsa a Ingila. Agatha Christie (1890 zuwa 1976) ita ce uwar gayyar, ta fara fito da Miss Marple a gajeren labari a 1927, sai cikakken littafi The Murder at the Vicarage a 1930, daga ƙarshe littattafan Marple suka kai 12. Marple tsohuwa ce da ba ta taɓa aure ba, tana zaune a ƙauyen St Mary Mead wanda babu shi a taswira, aikinta saƙa da kula da lambu da sauraron abin da maƙwabta ke faɗa. Dabararta ɗaya ce, duk wanda ta gani sai ta ce ai halinsa irin na wane ne a ƙauyensu, mai yankan nama ko 'yar aikin gidan limamin coci, to daga nan take gano wanda ke ƙarya. A ganina nan ne ƙashin bayan kozi gaba ɗaya, sanin mutane shi ne makami, ba bindiga ba kuma ba ɗakin gwaji ba, shi ya sa dole garin ya zama ƙarami.

Soyayya kam da farko haramta ta aka yi. A 1928 marubucin Amurka S. S. Van Dine ya fitar da dokoki 20 na rubuta labarin bincike, ɗaya daga ciki ta ce kada a saka soyayya ko kaɗan don tana ɗauke hankalin mai karatu daga warware matsalar. Marubuciyar Ingila Dorothy L. Sayers ce ta yi fatali da dokar nan, ta haɗa mai bincikenta Lord Peter Wimsey da Harriet Vane a Strong Poison na 1930, inda ya fara son ta tana gaban kotu ana tuhumar ta da kisa, ta yi ta ƙin tayinsa na aure har zuwa 1935, sannan littafin 1937 ya ɗora daga amarcinsu a gidan ƙauye, suka tarar da gawar tsohon mai gidan a ɗakin ƙasa. Wannan jan rai na shekaru shi marubutan baya suka gada.

A Amurka Lilian Jackson Braun ta fara jerin littattafanta a 1966 da ɗan jarida da kyanwarsa, daga baya ta kwashe su ta kai wani ƙaramin gari mai suna Pickax. Talabijin ya ƙara wa abin armashi da Murder, She Wrote, wanda tashar CBS ta nuna daga 1984 zuwa 1996, Angela Lansbury ta fito a matsayin Jessica Fletcher, gwauruwa marubuciya a garin Cabot Cove na jihar Maine. Taron Malice Domestic na masoya irin waɗannan labarai, inda ake ba marubuta kyautar Agatha, ya soma a 1989.

Raha da soyayya

Wajajen 1990 abin ya koma kan sana'a da abinci, har ana buga yadda ake girki a cikin littafin. Misali mai kyau shi ne Agatha Raisin ta M. C. Beaton, wadda ta fito a 1992: ta bar aikinta a Landan ta tare a ƙauyen Carsely, don neman shiga sai ta sayo abinci a shago ta kai gasar girki a matsayin nata, alƙalin gasar ya ci ya mutu, yanzu kafin ta wanke kanta daga kisa sai ta yarda ta yi maguɗi. Ga kuma maƙwabcinta James Lacey da take mutuwar so shi kuwa yana ta zillewa. Hannah Swensen ta Joanne Fluke, daga 2000, mai shagon biskit ce a Lake Eden ta jihar Minnesota, ta daɗe tana wasiwasi tsakanin Norman likitan haƙori da Mike ɗan sanda, ga uwarta ta matsa mata lamba ta fitar da miji. Saurayi ɗan sanda ya zama ruwan dare a kozi, don ta bakinsa jarumar ke jin sirrin da bai kamata ta ji ba.

Suka

Raymond Chandler, marubucin labaran bincike na Amurka, ya soki salon Ingila a maƙalarsa ta 1944, ya ce ya yi nisa da yadda kisa yake a zahiri. Wasu na cewa ana mai da mutuwa wasa, masoya kuma su ce adalci ake nunawa.

A yau

Littafin The Thursday Murder Club na Richard Osman, 2020, ya sake jawo wa kozi kasuwa. Akwai saɓani kan ko littattafan Alexander McCall Smith na Precious Ramotswe, da suka fara a 1998, kozi ne, tunda a birnin Gaborone na Botswana suke kuma ita Ramotswe bincike sana'arta ce.