Waiwaye kan rigakafin yara: daga Abuja zuwa zaurukan Katsina

Duk wanda ya ratsa lungunan Ƙofar Sauri ko Rafindadi zai ga rubutun alli a jikin bangon gidaje, shaidar da ma'aikatan rigakafi suke bari bayan sun ɗiga wa yaran gidan maganin shan inna, sun kuma shafa musu tawada a farcen ƙaramin yatsa. Kafin a kai ga wannan rubutu an sha fama.

Gwamnatin Tarayya ta soma shirin rigakafin yara a ƙarshen shekarun 1970, amma bai kankama ba sai zamanin da Farfesa Olikoye Ransome-Kuti ya riƙe ma'aikatar lafiya, daga 1985 zuwa 1992, aka ba kiwon lafiya na matakin farko muhimmanci, aka kuma ɗora nauyinsa a wuyan ƙananan hukumomi. A cikin wannan tsakanin ne aka ƙirƙiro Jihar Katsina, a 1987.

Abin da ya fi yi wa shirin illa shi ne rushewar yarda. A 1996, lokacin annobar sanƙarau, kamfanin Pfizer ya gwada maganin Trovan a Kano, inda yara 11 suka rasu cikin 200 da aka sa a gwajin. Saboda haka da jita-jitar cewa ɗigon shan inna yana hana haihuwa ta bazu a 2003, har Kano ta dakatar da shi zuwa 2004, ta tarar da zukatan da suka riga suka yi ɗar-ɗar, kuma magidanta da yawa a nan Katsina sun tsaya a zaure sun hana a shiga. Tambayar da suke yi, a ganina, tana da hujja: me ya sa ake bin mu har gida da ɗigon shan inna kyauta, alhali in zazzaɓi ya kama yaro sai mun sayi magani da kuɗinmu?

An fara samun bakin zaren ne a 2009, da sarakunan Arewa suka kafa kwamiti ƙarƙashin Sarkin Musulmi Sa'ad Abubakar, saƙo ya riƙa sauka daga fadar Katsina da ta Daura zuwa hakimi, zuwa dagaci, har mai unguwa ya tsaya da kansa a ƙofar gida. A 2013 kuma aka soma rabon maganin kariya daga zazzaɓin cizon sauro a lokacin damina a wasu ƙananan hukumomin jihar, wanda ya amsa wani ɓangare na waccan tambaya. Ranar 25 ga Agusta, 2020, Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar da kawar da asalin ƙwayar cutar shan inna daga Afirka.

Sai dai rigakafin yau da kullum, wanda uwa ke kai jariri asibitin sha-ka-tafi a yi masa, bai samu irin wannan gata ba, ko da yake dokar lafiya ta ƙasa ta 2014 ta ware wa matakin farko aƙalla kashi 1 cikin 100 na kuɗin shigar Gwamnatin Tarayya. Mashaƙon da ya yi ƙamari a 2023 ya taɓa Katsina, kuma yawancin yaran da ya kama ba su kammala allurarsu ba. A ƙauyukan Jibiya, Batsari da Safana kuwa, inda 'yan bindiga suka tarwatsa jama'a, akwai garuruwan da ma'aikaci ba ya iya isa da akwatin sanyin da yake ɗaukar maganin rigakafi a ciki.