Mene ne bakteriyofaj?

Bakteriyofaj, ko faj a taƙaice, bairos ne wanda babu ruwansa da mutum ko dabba, bakteriya kaɗai yake kamawa. Jikinsa ƙoƙon furotin ne da ke ɗauke da ƙwayar gado, galibi DNA, kuma yawancinsu suna da jela. Da jelar yake maƙale wa bangon bakteriya, ya tsiyaya DNA ɗinsa ciki, ƙoƙon ya tsaya a waje. Daga nan bakteriyar takan bar aikin gabanta ta koma ƙera sababbin faj har ta fashe. A wasu nau'o'in faj da ke kama wata bakteriya mai suna E. coli, cikin kamar rabin sa'a an gama, kuma fiye da ɗari kan fito daga bakteriya guda.

Frederick Twort ne ya fara lura da su a Ingila a 1915, sai Félix d'Hérelle na Cibiyar Pasteur da ke Faransa ya sake gano su a 1917, ya raɗa musu wannan suna.

Abin da ya sa masu bincike suka rungumi faj shi ne sauƙinsa. Madubin likita na yau da kullum ba ya iya nuna shi, amma ana iya ƙirga shi: a shimfiɗa bakteriya a faranti, a zuba ruwan faj da aka tsinka, kashegari a tarar da ɗigo-ɗigon fili inda bakteriya suka mutu. Kowane ɗigo daga faj guda ya samo asali.

A ganina, gwajin da ya fi nuna darajarsa shi ne na Alfred Hershey da Martha Chase a Amurka, a 1952. A lokacin ana ta jayayya kan abin da ke ɗauke da gado, furotin ko DNA. Sai suka yi wa furotin na faj T2 alama da sinadarin salfa mai fitar da tururin nukiliya, DNA kuma da fosfaras. Bayan faj ya kama bakteriya, suka kaɗa cakudar a injin markaɗe irin na kicin don ƙoƙunan su karkaɗe. Akasarin salfar ta tsaya a waje, fosfaras ne ya shige ciki, ga shi kuma sababbin faj sun fito. Ke nan umarnin ƙera sababbin faj yana cikin DNA.

Hatta DNA na farko da aka karanta kakaf na faj ne, phiX174, wanda Frederick Sanger da abokan aikinsa suka kammala a 1977. CRISPR ma, da ake gyara ƙwayoyin gado da ita yau, asalinta makamin bakteriya ce na kare kai daga faj: takan ajiye guntun DNA na maharin, idan ya dawo ta gane shi ta datse shi. Emmanuelle Charpentier da Jennifer Doudna suka mayar da ita kayan aiki, suka karɓi kyautar Nobel a 2020.