Ma'anar "cire jijiyar haƙori"

Idan likitan haƙori ya ce za a cire jijiya, da yawa daga mutanenmu na karkara sukan ɗauka cewa haƙorin za a tumɓuke, alhali ana yin aikin ne domin haƙorin ya ci gaba da zama a mazauninsa. Kowane haƙori yana da rami a tsakiyarsa, can ƙarƙashin farin ɓawon da muke gani, kuma a cikin ramin akwai tsoka mai laushi da ta ƙunshi hanyoyin jini da jijiyar da ke jin zafi da sanyi. Wannan tsokar ake nufi da jijiya, kuma ta wata 'yar ƙofa da ke ƙarshen saiwa take shiga.

A ɗauki misalin saurayin da ya faɗi a kan babur a hanyar kasuwar Wudil, ko manomin da sa ya buge shi da ƙaho a baki lokacin huɗa. Haƙorin gaba ya girgiza ko gefensa ya ɓalle, ya yi ciwon kwana biyu sannan ya lafa, sai a yi hamdala a manta. Wannan lafawar ita ce ta fi damuna, domin sau da yawa bugun ya riga ya tsinke hanyar jini a ƙarshen saiwa, jijiyar kuma tana mutuwa a hankali. Bayan watanni, wani lokaci ma shekaru, sai haƙorin ya dushe ya koma ruwan toka, ƙwayoyin cuta su sami maɓoya a ramin, mugunya ta taru a gindin saiwa. A nan ne mutum zai kasa cizon ko da tuwo, ya kwana dafe da kunci, ko ƙurji ya fito a dasashi yana fashewa yana dawowa.

Kanumfari da ƙwayoyin kemis suna rage zugi, amma ba sa kai wa ga tushen ciwon, tunda jini ya daina shiga ramin balle ya kai magani. Ruwan batir da wasu ke ɗigawa kuwa ƙona dasashi kawai yake yi.

A asibiti, likita yakan ɗauki hoton haƙorin, ya yi allurar kashe zafi, ya huda 'yar ƙofa, sannan ya kwashe mataccen nama ta amfani da wasu siraran ƙarafa masu kama da allura, ya wanke ramin da magani, ya toshe shi da wani abu mai kama da roba, ya rufe da ciko. Haƙorin gaba yawanci hanyar jijiya 1 gare shi a cikin saiwa, turmi kuwa 3 ko 4, shi ya sa aikinsa ya fi daɗewa, har akan koma sau biyu ko uku. Ana yin wannan aikin a sashen haƙori na Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano.

Idan kuwa kumburi ya gangaro ƙarƙashin haɓa ko ya hau wajen ido, ga zazzaɓi, ga wahalar haɗiya ko numfashi, to a nemi mota a kai mai ciwon asibiti a daren, kada a jira wayewar gari.