Direban Uber: ma'aikaci ne ko mai cin gashin kansa?

Idan ana maganar "matsayin aiki" a harkar masu aiki ta manhajar waya, tambaya ɗaya ake yi: direban Uber, ko mai kai abinci gida-gida a kan keke, ma'aikacin kamfani ne a idon doka, ko mai cin gashin kansa? Amsar ce ke nuna ko yana da haƙƙin mafi ƙarancin albashi da hutu mai biya da fansho, ko kuwa iyakarsa abin da ya samo a ranar.

Kamfanonin sun ce su dillalai ne kurum, masu haɗa fasinja da mai mota, direba kuma ya fito aiki sa'ad da ya ga dama. Amma duk wanda ya san kasuwa ya san dillali ba ya tilasta wa mai kaya farashi, ba ya kuma korarsa daga kasuwa. Manhaja tana yin duka biyun.

Abin da Kotun Ƙolin Birtaniya ta duba ke nan ranar 19 ga Fabrairu 2021, a ƙarar da direbobin Uber suka shigar, wadda biyu daga cikinsu, Yaseen Aslam da James Farrar, suka jagoranta. Alƙalan ba su tsaya kan abin da aka rubuta a yarjejeniya ba, sun bi yadda aikin yake gudana a zahiri. Uber ce ke yanke kuɗin mota, ita ke tsara sharuɗɗa, tana hukunta direban da ya cika ƙin ɗaukar fasinja, tana kuma iya rufe shi idan taurarin da fasinjoji ke ba shi suka yi ƙasa. Wanda ke ƙarƙashin irin wannan iko ai ba ubangidan kansa ba ne. Dokar Birtaniya tana da wani matsayi na tsakiya, tsakanin cikakken ma'aikaci da mai zaman kansa, nan kotun ta ajiye direbobin. Wata guda bayan haka Uber ta amince da bai wa direbobi kusan 70,000 mafi ƙarancin albashi da kuɗin hutu da fansho.

Sai dai a 2023 kotun nan dai ta ƙi bai wa masu kai abinci na Deliveroo matsayin ma'aikata, saboda suna da damar tura wani ya yi aikin a madadinsu. A jihar Kalifoniya ta Amurka kuwa, kamfanonin sun kashe fiye da dala miliyan 200 a 2020 kan ƙuri'ar raba-gardama da ta bar direbobi a matsayin masu zaman kansu.

A ganina Tarayyar Turai ce ta kamo bakin zaren. Dokarta ta 2024 ta ce in dai akwai alamun kamfani ne ke juya akalar aikin, a ɗauki mutum ma'aikaci, sai in kamfanin ya kawo hujjar akasin haka. Da can talaka ne ke ɗaukar lauya ya yi shekaru yana zaryar kotu. Yanzu nauyin ya koma wuyan mai kuɗi. Ƙasashen ƙungiyar suna da wa'adi zuwa 2 ga Disamba 2026 su shigar da ita cikin dokokinsu.