Waiwaye: Sakandaren Evanston da daɗaɗɗiyar takaddamar wa zai zauna a wane aji

A watan Disamba na 2010, mutum bakwai da ke riƙe da ragamar babbar sakandaren garin Evanston, a jihar Illinois ta Amurka, suka kaɗa ƙuri'a baki ɗaya suka soke wani aji. Ajin kuwa shi ne wanda ake keɓe wa 'yan shekarar farko mafiya maki a darasin Turanci da tarihi. Kafin ranar an sha kai ruwa rana: iyaye sun cika zauren taro, wasu sun shigar da takardar koke, wasu na cewa za a ja haziƙan yara baya don a faranta wa 'yan siyasa rai. Wanda bai san garin ba zai yi mamakin yadda aji guda ya ta da wannan ƙura. Amma rigimar ta girmi duk waɗanda suka zauna a zauren, kuma har yau ba ta mutu ba.

Evanston gari ne mai mutum kusan dubu 78, a bakin tafkin Michigan, manne da birnin Shikago ta arewa. A nan Jami'ar Northwestern take. Sakandaren gwamnati ɗaya tal garin ke da ita, wadda aka kafa a 1883, ta koma harabarta ta yanzu a 1924. Ɗalibanta sun haura dubu 3, daga Evanston da wani yanki na garin Skokie. Fararen fata ba su kai rabi ba. Baƙaƙe kusan kashi ɗaya cikin huɗu ne, 'yan asalin Latin Amurka kuma wajen ɗaya cikin biyar. Ɗan farfesa da ɗan mai share ofishin farfesan ta ƙofa ɗaya suke shiga da safe, kuma mutanen garin suna alfahari da hakan matuƙa.

Mai karatu a Kano ko Maraɗi ya saba ganin sakandare a hannun ma'aikatar ilimi, ita ke ɗaukar malami, ita ke tura shi. A Illinois ba haka abin yake ba. Makarantar Evanston gwamnati ce mai zaman kanta, da ake kira Gunduma ta 202. Mazauna yankin ne ke zaɓen wakilai bakwai, kowanne na wa'adin shekara huɗu, ba da tutar jam'iyya ba, kuma ba a biyansu ko sisi. Su ke naɗa shugaban gunduma, su amince da kasafin kuɗi da manhaja, su yi yarjejeniya da ƙungiyar malamai, su kuma yanke yawan harajin da za a karɓa. Irin waɗannan gundumomi sun kai wajen 850 a jihar. Zaɓen a watan Afrilu ake yinsa, a shekarun da babu zaɓen shugaban ƙasa ko na gwamna, don haka masu fitowa ba su da yawa, kuma galibi iyayen da suka san kan tsarin ne. Wannan ba ƙaramin abu ba ne, domin wanda ya fi zuwa taro muryarsa ce ta fi isa kunnen wakilai.

Kuɗin kuma daga harajin gidaje da filaye na yankin yake fitowa, fiye da kashi uku cikin huɗu na abin da makarantar ke kashewa. Inda gidaje ke da tsada makaranta na da ƙiba, inda suke da araha sai ta rame. A 1973 Kotun Ƙolin Amurka, a shari'ar wata gunduma ta San Antonio, ta ce wannan bambanci bai saɓa wa kundin tsarin mulkin ƙasa ba. Shekara guda bayan nan, a shari'ar makarantun Detroit, ta hana a tilasta wa garuruwan da ke kewaye da birni su haɗa ɗalibansu da na cikin birni, sai in an tabbatar da hannunsu a wariyar launin fata. Hukunce-hukuncen nan biyu su suka mai da iyakar gunduma katanga. Shi ya sa iyali a Amurka, har da 'yan Najeriya da ke can, kafin su kama gida sai sun tambayi makarantar da adireshin ya faɗa ciki. Illinois ta ɗan gyara rabon kuɗin jiha a 2017 don ya fi karkata ga gundumomi matalauta, amma ginshiƙin yana nan. Evanston dai tana cikin masu hali, ko da yake filayen jami'ar ba sa biyan haraji, kuma tun tsakiyar shekarun 1990 doka ta ƙayyade ƙarin haraji a shekara: kada ya wuce hauhawar farashi ko kashi 5 cikin ɗari, duk wanda ya fi ƙanƙanta, sai fa in jama'a sun amince ta ƙuri'ar raba gardama.

To, matsalar Evanston ba ta rashin kuɗi ba ce. Tushenta na cikin taswirar garin. Tun farkon ƙarni na 20 baƙaƙen fata suka yi ta tahowa daga kudancin Amurka, da yawansu suna aiki a gidajen attajiran bakin tafki. Dillalai da bankuna suka tattara su a yammacin gari, a yankin da ake kira Mazaɓa ta Biyar, aka ƙi sayar musu da gida a sauran unguwanni, aka ƙi ba su rance. Sai da suka kafa asibitinsu, saboda manyan asibitocin garin ba sa maraba da su. Firamaren unguwar, Foster, ta zama kusan ta baƙaƙe zalla. A 1967 garin ya rushe wariyar firamare da kansa, ba tare da kotu ta tilasta masa ba, aka yi ta yaba masa. Sai dai nauyin ya faɗa kan 'ya'yan Mazaɓa ta Biyar: su aka riƙa lodawa a bas kowace safiya ana rarraba su a makarantun wasu unguwanni. A 1979 aka rufe Foster gaba ɗaya, unguwar ta wayi gari ba ta da makaranta.

Ita sakandare, da yake ɗaya ce, ba a taɓa raba ta gida biyu a hukumance ba. Rabon a cikin gini ya faru. Yaro na ajin ƙarshe kafin sakandare zai rubuta jarrabawa guda, makin da ya samu shi zai yanke masa matsayi. Waɗanda suka faɗa cikin kashi 5 na sama sai ajin haziƙai, saura a jera su ƙasa-ƙasa. Duk wanda ya yi makarantar da ake zuba masu ƙoƙari a ajin A, a tura saura C da D, ya san abin da ke biyo baya: malami ya rage buri, yaro ya yarda cewa iyakarsa ke nan. A Evanston abin ya zo da launi. Mai tafiya a barandar makarantar, in ya leƙa ta gilashin ƙofa, zai iya gane matsayin aji ba tare da ya tambaya ba, domin ajin sama kusan duk farare ne, na ƙasa kuma baƙaƙe da 'yan Latin. Kuma wanda bai shiga ajin sama a shekarar farko ba, da wuya ya kai ga darussan AP a ƙarshe, waɗanda ake koyarwa a matakin jami'a, kuma su ne manyan jami'o'i ke dubawa wajen ba da gurbi.

Shugabannin makarantar sun san da haka tun tuni. A 1999 Evanston na cikin gundumomin gefen birane masu hali da suka haɗu suka kafa ƙungiyar nazarin dalilin da ya sa 'ya'yan tsiraru ke baya duk da wadatar kayan aiki. Abin da ya tona asiri a fili shi ne dokar ilimi ta tarayya da Shugaba George W. Bush ya sa wa hannu a farkon 2002. Dokar na da aibobi da yawa, kuma an sauya ta a 2015, amma ta yi abu ɗaya da ya cancanci yabo: ta tilasta wa kowace makaranta ta fitar da sakamako rukuni-rukuni, na farare daban, na baƙaƙe daban, na 'ya'yan talakawa daban. Makarantar da matsakaicin makinta ke sa ta cikin fitattu sai ga shi shekara da shekaru tana kasa cika ma'auni. Makin 'ya'yan masu hali ne ya daɗe yana rufa wa saura asiri.

Eric Witherspoon, wanda ya karɓi shugabancin gundumar a 2006, shi ya kawo shawarar 2010. Abin da aka tsara shi ne: duk ɗan shekarar farko da ke karatu daidai da matakinsa zai zauna aji ɗaya da sauran, a koyar da su manhajar haziƙai, kowa kuma ya nemi shaidar hazaƙar da aikinsa a cikin zango, ta rubuce-rubuce da gwaje-gwaje iri ɗaya. Masu raunin karatu sosai aka bar musu ajin tallafi. An fara a 2011, aka ƙara da darasin nazarin halittu a 2012. Hujjar masu adawa ba ta banza ba ce, kuma bai kamata a yi musu kuɗin goro a ce duk masu wariya ne ba. Koyar da aji mai ɗauke da yaron da ke karanta littattafan manya da wanda ke fama da sakin layi aiki ne ja, kuma in malami bai samu horo da mataimaka ba, duka biyun ne za su yi asara. Amma a ganina yanke wa yaro ɗan shekara 13 makoma da jarrabawar wuni guda ya fi wannan haɗari muni, musamman a garin da tarihi ya riga ya nuna wa zai ci jarrabawar.

Me aka samu? Ɗaliban da ke ɗaukar darussan AP sun ƙaru, har da baƙaƙe da 'yan Latin, kuma rushewar da aka yi ta hasashe ba ta auku ba. Wata gundumar gefen Shikago, ta Oak Park da River Forest, ta bi sahu a 2022. Sai dai tazarar maki a jarrabawar shiga jami'a tsakanin farare da baƙaƙe tana nan da faɗinta. Buɗe ƙofar aji ya yi amfani, amma bai goge abin da ya taru cikin shekara tara kafin yaro ya iso ba.

A nan ne tsarin mulkin ya zama cikas. Firamare da ƙaramar sakandare na garin suna ƙarƙashin wata gunduma ce daban, ta 65, mai nata wakilan, nata shugaban, nata harajin. Gunduma ta 202 ba ta da ikon cewa uffan kan yadda ake koya wa yaro karatu a aji uku, amma ita ake tuhuma da sakamakonsa a ƙarshe. An sha kawo maganar haɗe su, tana mutuwa, kuma ɗaya daga cikin dalilan shi ne albashin malaman sakandare ya fi na firamare, daidaita su kuwa kuɗi ne mai yawa. A 2014 hukumomin biyu suka amince da buri guda kan iya karatu, amma buri ba ya maye gurbin shugabanci ɗaya.

Da tazarar ta ƙi rufuwa, sai makarantar ta gwada wata dabara: azuzuwan zaɓi na lissafi da Turanci da aka tsara don ɗalibai baƙaƙe ko 'yan Latin, da malamai irinsu, domin yaron da ya ga shi kaɗai ne baƙi a ajin lissafi mai zurfi yakan janye. A 2023, a zamanin Marcus Campbell wanda ya gaji Witherspoon a 2022, labarin ya bazu a kafofin yaɗa labaran ƙasar, masu suka na cewa an dawo da wariya ta ƙofar baya. Gundumar ta gyara bayanin azuzuwan ta ce a buɗe suke ga kowa. Na fahimci damuwar da ta haifi dabarar, amma tana nuna cewa haɗa yara a ɗaki ɗaya bai sa duka sun ji ɗakin nasu ne ba.

A ɓangaren firamare kuma, bayan masu zaɓe sun yi watsi da shawarar gina wa Mazaɓa ta Biyar makaranta a 2012, an aza harsashin sabuwar Foster a 2024, shekara 45 bayan rufe ta farko. A shekarar ce kuma Gunduma ta 65, wadda giɓin kasafin kuɗi da raguwar ɗalibai suka sha wa kai, ta yanke shawarar rufe makarantar Bessie Rhodes, inda ake koyarwa da Turanci da Sifaniyanci, kuma yawancin ɗalibanta 'ya'yan tsiraru ne.