Waiwaye: Yadda allurar gwaji ta rikiɗe ta zama magani a ciwon gindin wuya

Har yau likitoci a Amurka da Kanada ba su daina ja-in-ja ba kan yi wa masu ciwon matsewar jijiyoyin gindin wuya, wanda suke kira TOS, allurar Botox, wato allurar da ke kwantar da tsoka. Wasu na cewa tana raba majinyaci da wuƙar tiyata, wasu na cewa asarar kuɗi ce. Mai sauraro zai zaci jiya aka faro gardamar, alhali ta girmi Botox ɗin kanta.

Jijiyoyin da ke kai saƙo hannu suna bi ne ta wani ɗan lungu tsakanin tsokoki biyu na gefen wuya, masu suna sikalin, sannan su haye haƙarƙari na farko. In lungun ya matse, hannu ya riƙa mutuwa ke nan, ƙaramin yatsa ya yi ta tsira kamar ana soka allura. Mace ta ɗaga hannu za ta yi shanya ko ta taje kai, sai ta sauke shi dole.

Tarihin farko sananne ne. A 1861 likita Holmes Coote ya cire wa wata mata ƙarin haƙarƙarin wuya a Landan. A 1927 Adson na asibitin Mayo ya nuna yanke tsokar sikalin kawai kan wadatar. An raɗa wa ciwon suna a 1956, a 1966 kuma likita Roos ya fito da cire haƙarƙari na farko ta hammata.

Abin da ba a cika tunawa ba shi ne 1939. A shekarar ne Mims Gage, likitan tiyata a New Orleans, ya bayyana zuba allurar kashe zafi cikin tsokar sikalin. Ba don warkarwa ya yi ba, don tabbatar da ciwon ne: in tsokar ta saki, zafi ya lafa na ɗan lokaci, to an gano bakin zaren. A ganina nan tushen matsalar yake. Yawancin masu irin ciwon da ya shafi jijiyar saƙo, waɗanda su ne fiye da kashi 90 cikin 100 na masu TOS, hoto ba ya nuna komai a jikinsu, gwajin jijiya ma sau da yawa ya fito lafiya lau. Mutum na kwana da azaba, takarda na cewa ƙalau yake. Da aka rasa madogara, sai allurar ta zama alƙali. Tunda kuwa sakin tsoka na sa'o'i kan kawo sauƙi, tambaya ta gaba a fili take: me zai hana a sake ta na watanni?

Botox, wadda Amurka ta amince da ita a 1989 don ciwon tsokar ido, tana kwantar da tsoka kusan wata uku. A 2000 Jordan da abokan aikinsa a Los Anjeles suka gwada ta kan mutum 22, 14 suka sami sauƙi sosai. Amma a 2011 binciken Finlayson a Bankuba ta Kanada, kan mutum 38, bai ga bambancin a zo a gani tsakaninta da allurar ruwan gishiri da aka yi wa wasunsu don kwatance ba. Masu goyon bayan Botox suka ce ba ta yi aiki ba ne saboda mutanen sun daɗe da ciwon, shekaru da dama. Ga shi kuma takan jawo wa wasu wahalar haɗiya.

Ita kuwa allurar Gage tana nan daram. A 2016 ƙungiyar likitocin tiyatar jijiyoyin jini ta Amurka ta sa ta cikin sharuɗɗan gane ciwon.