Me ake nufi da "hemp", kuma me ya raba shi da rama?

Ɗan ƙanwata, wanda ke noman rani a gefen dam ɗin Ajiwa, ya zo mini da wayarsa ranar Juma'a bayan sallah. Bidiyo ne na wani Bature a cikin gona, yana maganar shuka da ake kira hemp, da yadda wasu ke ƙoƙarin noma ta a fili ko da hunturu. Ya ce, "Kawu, wannan ba ramarmu ba ce? Dubi ganyen." Na duba, na ga dalilin ruɗewarsa. Ganyen rama idan ta girma yakan rarrabu kamar yatsun hannu, ga shi ita ma ana sarrafa ɓawonta a yi igiya.

Amma ba ita ba ce. Rama 'yar uwar yakuwa ce da kuɓewa, ramar ce iyayenmu mata ke yi wa kwaɗo da ƙuli-ƙuli. Hemp kuwa tabar wiwi ce, jinsi ɗaya, suna da yawan sinadarin maye ne suka bambanta. Abin da ke sa maye a jikin wiwi wani sinadari ne da ake kira THC, wanda ya fi taruwa a furen macen shukar. A Amurka, dokar noma ta 2018 ta ce duk wiwin da THC ɗinsa bai wuce kashi 0.3 cikin ɗari ba, shi ne hemp, ana iya noma shi don zare da mai. Wato wannan bambancin dokar wata ƙasa ce ta yanka shi, ido ba ya iya ganinsa a gona.

Maganar hunturu ma tana bukatar fassara. A ƙasashen sanyi, hunturu lokacin hutun gona ne, domin ƙanƙara na kashe shuka a fili, shi ya sa duk wanda ya ce ya yi noma a lokacin yake jan masu kallo. Mu kuwa hunturu shi ne lokacin da fadama ke raye. Ka je dam ɗin Jibiya ko Zobe ko Sabke ta wajen Daura a watan Janairu, za ka tarar da injin ban ruwa na kuka, alkama ta yi kore shar, ana tsinkar tumatir ana cika kwanduna.

Abin da ya fi damuna shi ne yadda yaranmu ke jin "an halatta" su ɗauka ko'ina ne. Gaskiya ne Urugwai ta halatta wiwi a 2013, Kanada a 2018, Jamus ma ta sassauta a 2024. Najeriya ba ta yi ba. Dokar soja ta 1966 har hukuncin kisa ko ɗaurin shekara 21 ta tanada wa mai noman wiwi, kafin a rage daga baya. Tun 1989 aka kafa NDLEA, hukumar yaƙi da miyagun ƙwayoyi, kuma har gobe tana ƙona gonakin wiwi a dazukan Ondo da Edo da Osun, inda aka fi noma ta. Jami'in da ya same ta a gonarka ba zai tsaya auna THC ba.

Kuma ba sai an ba mu labarin ɓarnarta ba. Binciken da aka yi da haɗin gwiwar Majalisar Ɗinkin Duniya a 2018 ya nuna 'yan Najeriya wajen miliyan 10.6 ne ke shan wiwi. Wasu daga cikinsu 'ya'yan unguwarmu ne, na san iyayensu, na ga yadda uwa ke sunkuyar da kai idan aka ambaci sunan ɗanta a gidan biki.

Ɗan ƙanwata ya yi shiru, ya mayar da wayar aljihu. Sai ya ce albasarsa ta kusa isa cira, in aiko yara da buhu ranar Talata.